Hantar Ranar Asabar

Jikata Ummi ce ta tsokano wannan zancen. Muna wurin wani suna a Springfield ana cin waina, wata ƙawarta ta tambaye ta wane aiki kakarta ta yi a asibiti. Sai na ji 'yar nema tana cewa da Turancinta na hanci, "Nama take yankawa ta ɗora a gilashi, yanzu ma inji ke yi." Na ce to madalla, shekara talatin da ɗoriya ta tashi a yankan nama. Tunda abin ya zama haka, ku matso ku ji irin naman, ke da ƙawayen naki masu karatun lab da kuke ganin aikin danna maɓalli ne kawai.

Sunana Dije, haifaffiyar Zariya, gidan mahauta. A can na fara aikin lab, daga baya na biyo maigidana da ya zo karatu nan ƙasar Turawa, muka sauka a Landover a wani ɗaki da in ka yi atishawa maƙwabci ne zai fara amsa maka. Na samu aiki a wani asibiti, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake duba naman jikin mutum. In likita na tsakiyar tiyata ya ga abin da bai gane ba, sai ya yanko ɗan guntu ya aiko mana. Ni zan daskarar da shi, in yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, in ɗauka a gilashi, in rina, in miƙa wa likitan da ke karantawa a madubin ƙara girman abu. Duk wannan cikin kwata na awa, don mutum na can sama a kwance a buɗe. Ba ni ke yanke hukunci ba. Amma likita ba ya ganin komai sai abin da na ɗora masa, in na kai masa ƙarya, ƙaryar zai karanta ya sa hannu.

Wadda ta koya min aikin wata baƙar fata ce, Mis Odessa, gajeruwa, da tabarau rataye a wuya, ba ta dariya sai ran Juma'a in an tashi. Ranar da na fara na miƙa mata takarduna na Zariya ina yauƙi, ta ture su gefe ta miƙo min wuƙa ta ce in wasa. A raina na ce, yau ga iko, 'yar mahauta za a koya wa wasa wuƙa? Na wasa, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta sa bakin wuƙar a madubi ta ce in leƙa. Wallahi kamar haƙoran zarto. Sati uku na yi ina wasa wuƙa ina yanka hantar kaza da take sayowa a kanti, kafin ta bar ni na taɓa naman mutum.

Injin kansa firiza ce mai taga, da wuƙa a ciki, da hannu a gefe irin na keken ɗinki. Za ki ɗiga wani ruwa mai kauri a kan ɗan farantin ƙarfe mai faɗin kwabo, ki ɗora naman, ya daskare. Hannun dama na juyawa, na hagu na riƙe da ɗan buroshi irin na masu zane, kina tarbar yankan yana saukowa kada ya naɗe. Sai ki manna masa gilashi, ɗumin gilashin ya kama shi. Rini biyu ne, shuɗi da ja, kina tsomawa kina ƙirga a baki. Yatsunki kuwa sai su yi tauri har ki kasa ɗaura ɗankwali. Mis Odessa ta haramta rediyo a ɗakin, ta ce kunne ne ke fara sanin nama kafin ido. Nama lafiyayye shiru yake bin wuƙa, mai kitse yana shafewa a bakinta ya bar maiƙo, wanda ruwa ya yi wa yawa kuma yana ƙara, kar-kar, don ƙanƙara kike yanka ba nama ba.

Kwastomominmu likitocin tiyata ne, kuma ban taɓa ganin masu saye marasa haƙuri irinsu ba. Akwai wata waya a bango da ke haɗa mu da ɗakin tiyata. Nama bai gama sauka daga lif ba za ki ji ta buɗe, "Ina sakamako?" Mis Odessa takan ce, "Yana hanya, Dakta," alhali ko murfin kofin da aka sako naman ba mu buɗe ba.

Hanta ta shigo mana ne can wajen ƙarshen shekarun 1980. Asibitinmu ba ya yin dashe. Amma in an kawo wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, inji kawai ke riƙe da numfashinsa, danginsa kuma suka yarda, sai likitoci su taso a jirgi daga wani gari su cire hantar su tafi da ita a kula. Kula fa, ja da fari, irin wadda ake zuba lemo a tafi shan iska. Ranar da na fara gani na ce wa Mis Odessa mutanen nan ba su da kunya. Hanta in ta bar jiki awoyinta ƙidayayyu ne, shi ya sa kowa ke gudu, har mai tura kular.

Abin da suke tsoro kitse ne. Hanta mai kitse in ta sha sanyi, sannan aka sakar mata jini a sabon jiki, sau da yawa ba ta farkawa. An kuma riga an cire tsohuwar, babu inda za a koma. Ƙoda in ta ƙi aiki akwai injin wankin jini, hanta kuwa ba ta da na'ibi. Yadda likitocin ke dubata da ido ya ba ni dariya, don haka babana ke yi a kwata: a ga launinta ja ne mai duhu, bakinta na da kaifi, in an danna ta dawo. Mai kitse launin ɗorawa take yi, bakinta ya dakushe. To amma akwai ta tsaka-tsaki, wadda ido ke ƙaryatawa, ita ce ake yanko mana guntunta.

Shekarar da muka tashi daga Landover muka koma Lanham ita ce mummunar shekararmu. An kawo guntun hanta naɗe a busasshen bandeji, ya ɗan jima a kan teburi don ina kan wani aikin. Na yanka, na rina, likita ya duba ya ce kitse kaɗan ne, a ɗauka. Aka ɗauka aka dasa wa wani mutum. Hantar ba ta tashi ba, kwana biyu ya rasu. Da suka duba ta a can, sai ga kitse maƙil. Muka yi ta juya gilashinmu, mu ba mu ga abin da suka gani ba. Mis Odessa ce ta gano bakin zaren, ta sayo hantar agwagwa mai kitse ta naɗe a bandeji ta ajiye, da ta kwance sai ga bandejin ya sha maiƙo sharkaf. Ashe shi ya tsotse kitsen, ya bar mana nama mai fuskar salihai. Ba wanda aka tuhuma, don ba wanda ya sani a lokacin, amma na yi wata guda abinci ba ya min daɗi. Da hannuna na rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe na manna a ƙofar tiyata: KADA A SA GUNTUN HANTA A BANDEJI. Na koma ina jin na gama da matsalar. Bayan 'yan watanni Mis Odessa ta yi ritaya, wuƙar ta dawo hannuna.

To ga ranar da nake so ku ji. Asabar ce da hantsi, ni kaɗai a ɗakin sai Dakta Warren, likitan da ke karanta gilashi, wani dogo mai sanyin magana da ke cin tuffa da wuƙar aljihu. Aka ce masu kula sun iso. Shugabansu wani likita ne da muke kira Gaggawa, don ko gaisuwa a guje yake yinta. Mamacin wani makanike ne, ƙato, hatsarin babur ya yi. Gaggawa ya ga girman mutumin, ya ga hantar ta ɗan yi haske, sai ransa ya ba shi kitse ne. Ya cire ta ya sa a ƙanƙara, ya ce ba zai motsa ba sai ya ji daga gare mu.

Wadda ta sauko da guntun Sista Saratu ce, nas 'yar Pankshin, ƙawata ta cin tuwo. Duk asibitin mu biyu ne ke jin Hausa, da ita muke gulmar kowa a gabansa. Ta shigo tana haki ta dire kofi.

"Maman Aliyu, ki yi wa Allah ki yi sauri. Wadda za a ba mace ce, direbar motar 'yan makaranta, 'ya'yanta uku. Sun ce in ba wannan ba, ba za ta ga wata Asabar ɗin ba. Tana can sun shirya ta, waya kawai suke jira."

Na buɗe kofin, sai ga guntun yana iyo a ruwan gishiri, irin wanda ake ƙara wa marar lafiya. Na ɗan yi turus. Wayar bango ta buɗe, Gaggawa na tambayar ko mun mutu ne a ƙasan. Na tsamo naman na ɗora a faranti, ya daskare, na fara juya hannu. Kar-kar. Na ji fa, ba zan yi muku ƙarya ba, da kunnena na ji. Amma mutumin nan na ta ihu a bango, sai na ce wa kaina ba komai, na ɗauka na rina na miƙa.

Dakta Warren ya ajiye tuffarsa ya leƙa, ya daɗe, ya yi tsaki. Ya ce in duba. Gilashin duk huji ne farare, ko'ina, kamar rariya. Kitse haka yake fitowa a madubi, don rini ba ya kama shi. Ya danna waya ya ce, "Kitse ya fi rabi. Ban ba da shawarar a dasa ba." Gaggawa ya saki wata ashar da ba zan maimaita a gaban yara ba, sannan muka ji yana cewa a kira can a gaya musu su mayar da matar gadonta. Saratu ta zauna a kan kujera ta dafe kai, ta ce, "Wayyo Yesu."

Ni kuwa na koma in share inji, aikin da hannu ke yi ba sai an sa shi ba. Na goga auduga a bakin wuƙar, na duba. Tas. Na sake gogawa. Hantar da kitse ya ci rabinta, a ce ta bi wuƙata ba ta bar ko ɗigon maiƙo ba? Na ɗauko ragowar naman, na bar shi ya narke a yatsana, na yago takardar goge hannu mai ruwan ƙasa na murza shi a kai. Duk wanda ya taɓa sayen tsire ya san abin da kitse ke yi wa takarda, sai ta yi shara-shara ka hangi haske ta ciki, kuma ko shekara ta yi ba ta komawa. Na ɗora takardar a kan farantin ɗumama gilashi. Kafin in ƙirga talatin ta bushe, ba abin da ya rage sai ɗan jirwayen jini.

Na kai wa Dakta Warren na ce, "Dakta, ba kitse ba ne, ƙanƙara ce."

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Dije, ba na rubuta rahoto da takardar goge hannu."

"Ban ce ka rubuta ba, cewa na yi ka sake leƙawa. A ruwa aka kawo naman, ya sha ya ƙoshi, da na daskarar ruwan ya zama ƙanƙara ya yayyaga shi. Na ji yana ƙara a wuƙa na yi shiru. Laifina ne."

Faɗin wannan kalma ta ƙarshe ya fi min wasa wuƙa na sati uku wuya. Dakta Warren ya mayar da ido madubi, ya ƙara girman hoton. Hujin kitse zagaye yake sumul, yana ture ɗigon shuɗin da ke tsakiyar kowace ƙwayar nama gefe. Waɗannan kuwa masu kusurwa ne, tsage-tsage, wasu dogaye. Ya ɗago ya ce, "Ban iya rantsewa kitse ne, ban kuma iya rantsewa ba shi ba ne. Wannan gilashin ba ya karantuwa." Ya danna waya ya faɗa wa Gaggawa haka.

Kai, ranar na ji faɗa! Ya ce minti biyar da suka wuce an ce masa kitse, yanzu an ce ba a sani ba, shin asibiti ne nan ko gidan boka? Ya ce shi ya riga ya cire rigar tiyata, kuma ba zai sa wa mace hantar da ake shakka ba, gara ta mutu da tata da ya kashe ta da hannunsa. Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta fi ciwo. Dakta Warren mutumin kirki ne amma ba ya iya musu, na ga yana shirin sakin maɓallin. Ban san sanda na ture hannunsa na danna da kaina ba.

"Dakta, ka ba ni guntu na biyu da minti goma sha biyu."

"Wa ke magana?"

"Mai wuƙar ce. Ni na ɓata na farkon."

Ina jin ƙarar ƙarafa ana tattarawa a can sama. Tsoro nake ji sosai, don in na yi kuskure a wannan karon, ni na tura wa matar nan ajalinta a kula. Can ya ce, "Goma." Na ce na karɓa.

Na juya ga Saratu na ce, "Sista, kofi busasshe, a rufe. Ba bandeji, ba ruwa, ba komai. Kuma kada ki jira lif." Matar nan da ke cewa gwiwa ta hana ta durƙuso a coci, hawa uku ta yi da ƙafa ta dawo, hularta a karkace. Kafin ta iso na sa sabon faranti ya yi sanyi, na matsar da wuƙa zuwa inda ba a taɓa ba, na yi bisimilla. Na ɗora naman. Na jira ya daskare, jiran da ya fi kowane tsawo, don in kin yi garaje tsakiyar na nan ɗanye. Na juya hannu. Shiru. Yankan ya sauko a kan buroshi lafiyayye, ko lanƙwasa babu. Na tsoma a shuɗi ina ƙirga da Hausa, na tsoma a ja, na rufe na miƙa.

Dakta Warren ya bi gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake dawowa. Ni da Saratu muna tsaye a kansa kamar masu jiran rabon gado. Ya danna waya ya ce, "Hanta ce mai kyau. Kitse ɗan kaɗan, ba abin damuwa ba. Ɗauke ta." Gaggawa bai ce na gode ba, sai muka ji yana ihu a sake kiran can a ce kada matar ta ci komai. Muka fito bakin ƙofar baya muka ga kular ta wuce a guje, ana turata zuwa mota.

Da muka koma na ce, "Sista, ke kuwa me ya kai ki zuba masa ruwa?"

Ta share ido ta harare ni. "Au, ni za ki tambaya? Ba ke kika manna takarda kika ce kada a sa a bandeji ba? To a me za mu sa? Na ga zai bushe, na ce bari in taimake ki."

Gaskiyarta. Na gaya wa mutane abin da za su bari, ban gaya musu abin da za su yi ba, muka yi gudun gara muka faɗa gidan zago. A ranar na yage sanarwar na rubuta sabuwa, Saratu na tsaye tana gyara min Turanci. Ta ce kuma tuwon wannan makon a gidana za a ci, da miyar kuka, tunda ni ce mai laifi.

Mu na ƙarƙashin ƙasa ba a ba mu labari. Kula in ta fita ta fita ke nan, sai dai in abu ya ɓaci a neme ki. Na yi sati biyu duk wayar da ta yi ƙara sai in ruga in ɗauka, daga baya aiki ya taso na saki. Can bayan wata huɗu sai ga ambulan a tiren wasiƙu, an rubuta "Mai wuƙa, ɗakin ƙasa." Hoto ne guda, irin mai fitowa nan take. Wata mata ce siririya a zaune a kan kujera, ta sa yatsu biyu ta ja fatar idanunta ƙasa tana gwalo da su, tana dariya. Na ce wa Saratu, wannan kuma wane irin iskanci ne? Ta karɓa ta duba, ta ce, "Ke dai baƙauyiya ce, farin idon take nuna miki."

Na juya bayan hoton, sai ga rubutun Gaggawa, a guje kamar mai shi. Ya ce matar ta fara ciwon shawara tun autarta na goye, yarinyar ta tashi ba ta san idon uwarta da wani launi ba sai ɗorawa. Ranar da aka sallamo ta ta shiga gida, yarinyar ta kalle ta, ta ruga bayan kujera tana kuka wai an canza mata mama. Sai da aka kwana biyu ana lallashi kafin ta yarda ta hau cinyarta.